Kawu Ma'auni da Jinyar Ɗan Teku

Ku da kuka san Kawu Sa'idu, ai kun san abin nan da ke leƙowa daga aljihun gabansa ba biro ba ne. Ma'aunin zafi ne, na gilashi, mai jan layi a tsakiya, kuma ban san ruwan da ya taɓa gilmawa ta gabansa ya tsira ba. Shayi, kunu, ruwan randa, har butar alwalar liman, babu wanda ya bari. Zai tsoma, ya ɗaga sama, ya kanne ido ɗaya, ya faɗi lamba ko ba a tambaye shi ba, sannan ya goge a hannun riga ya mayar aljihu. Shi ya sa duk Ƙafin Maiyaki aka manta da Sa'idu, sai Ma'auni, kuma yana amsawa da fara'arsa.

A wurinsa lambar kirki ɗaya ce tak a duniya: ashirin da shida. Ka ce masa, "Kawu, ya ƙarfin jiki?" ya ce, "Ashirin da shida." In aka kawo amarya mai natsuwa, ya ce, "Wannan ashirin da shida ce, a riƙe ta da kyau." In kuwa wani ya fara ɗaga murya a majalisa, sai ya waiga ya ce, "A kawo mafici, Malam ya haura talatin."

Wata rana a Kwanar Dangora, inda nake sayar da zoɓo da kunun aya, ya zauna a bencin mai shayi. Wani direban tirela na gefensa, an miƙo masa shayinsa mai kauri ke nan. Kawu ya zaro abin nasa ya tsoma a kofin bawan Allah, wai taimako, ya ce, "Sittin da biyar. Ɗan jira kaɗan, kar ka ƙona harshe."

Direban ya yi godiya, ya hura, ya kai kofin baki. Mai shayi, da yake ya san hali, ya ce, "Baba Ma'auni, yau ina da ina aka tsoma shi?"

"A'a, yau bai yi yawo ba. Daga randa sai hammatar jikana, da yake ya tashi da zazzaɓi."

Direban nan ya dire kofi a hankali, ya miƙe, ya nufi motarsa ko waige babu. Kawu ya bi shi da kallo, ya girgiza kai, ya jawo kofin gabansa. "Mutanen yanzu ba sa tsoron almubazzaranci," in ji shi. Ya shanye tas, ya haɗa da burodin.

Ni ce Hajara, 'yar ƙanwarsa. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, sai Uwata. Wannan suna ya ba ni damar yi masa faɗa son raina, shi kuma ya ba shi damar ɗaukar kayana ba tambaya, wai ɗa ba ya roƙon uwa. Har gobe ina ganin ni aka ƙwara.

Ga wanda bai sani ba, asalin ma'aunin nan Ɗan Teku ne. Kawu ya yi shekara da shekaru yana aikin kuku a Ikko, a gidan wani bature mai kiwon halittun teku a akwatin gilashi. Shi ke girki, shi ke kula da akwatin, har ya fi mai gidan sanin kansa. Da baturen zai koma ƙasarsu, ya ce Kawu ya zaɓi abin da yake so a gidan. Jama'a, akwai mota a gidan nan! Akwai firji, akwai janareta. Kawu ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ce a ba shi ƙaramin akwatin da abin da ke ciki. Haka ya taho tun daga Ikko da bokiti a cinya, yana faɗa da direba a kan kowane rami.

Abin da ke cikin kuwa kifaye biyu ne ƙanana da murjani guda. Mu murjanin da muka sani shi ne jan nan na wuya da kakanninmu ke ɗaurawa. Kawu ya ce wancan ƙashi ne, nasa mai rai ne, yana ci yana girma. In ka gan shi sai ka ce citta mai yatsu aka dasa a kan dutse, launinsa ƙasa-ƙasa da ɗan kore a bakin yatsun. Ba ya tafiya, ba ya kuka, ba a ci, ba a ɗaurawa. Matarsa, Inna Lami, kallo ɗaya ta yi masa ta ce, "Malam, duk zamanka a Ikko dutse ka kawo mana tsaraba?"

Ya ce, "Dutse mai numfashi, Lami. Sunansa Ɗan Teku. A gaishe shi."

Ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan aka ba shi, na ƙasa mai azara. Sola ɗaya aka kafa a gidan, ta Ɗan Teku ce: ita ke juya masa ruwa, ita ke kunna masa fitila, ita ke kaɗa 'yar fankar da ke hura saman ruwan don ya huce. Gishirinsa ma na musamman ne, direbobi ke kawo shi daga Ikko. Mutanen gida kuwa mafici ne rabonsu. Kuma dole ruwan nan ya tsaya a ashirin da shida, ba ƙari ba ragi. Kun ji inda lambar ta samo asali.

To, bazarar nan mai zafi, wadda har kaji ke buɗe baki a inuwa, Kawu ya tafi Tudun Wada ta'aziyyar surukinsa, zai kwana uku. Ya kira ni ya damƙa mini amana, yana lissafi da yatsu: kar a buɗe tagar yamma, kar a ɗaga labule, kar a taɓa fanka. Kifayen ma ya ce kar a ba su komai, kwana uku azumi ne, ba yunwa ba.

Na ce, "Haba Kawu! Na yaye 'ya'ya huɗu, dutse ne zai gagare ni?"

Ranar da ya tafi, bayan azahar, na zo Inna Lami ta yi mini kitso. Tsakar gida ba ta zaunuwa, muka shige ɗakin Ɗan Teku muka shimfiɗa tabarma. Gumi na tsiyaya mini har cikin kunne. Na ɗaga kai na ga fankar nan tana ta yi wa dutse hidima, ga 'yan Adam biyu masu salla suna narkewa a ƙasa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce, "Inna, wannan wace irin rayuwa ce?" Na miƙe na juyo da ita wajenmu, wai minti biyar. Inna ta ce ba ta ganin tsaga, na ɗage labule na buɗe taga. Ana gama kitso aka kira ni a waya, wai masu biki sun zo karɓar zoɓo, na suri mayafi na fice. Inna ta ja ƙofa ta koma aikinta. Kwana biyu da yini ranar yamma tana dukan gilashin nan, fanka kuma tana yi wa tabarma fifita.

Sai ranar da zai dawo, ina cikin tace zoɓo, abin ya faɗo mini. Na bar rariya a nan na hau acaɓa. Na shiga na rufe taga, na saki labule, na mayar da fanka mazauninta, sannan na duba akwatin. Kifaye na saman ruwa suna haki. Ɗan Teku kuwa ya yi fari fat kamar alli. Ban san ma'anar farin ba, amma na san ba lafiya ba. Inna Lami ta leƙo ta bayana, ta tafa hannu.

"Kai! Ashe dauɗa ce a jikinsa duk shekarun nan! Dubi yadda ya yi fes!"

Tun daga zaure ta tare Kawu. "Malam, albishirinka!"

"Goro."

"Ɗan Tekunka ya wanku. Fari sol, ko rigar Juma'a albarka."

Kawu ko takalmi bai cire ba. Ya faɗa ɗakin, ya tsoma ma'auni, ya ɗaga. Ya kanne ido ɗaya. "Talatin da uku," ya ce, sannan ya sulale ya zauna a ƙasa. "Ba rigar Juma'a ba ce, Lami. Likkafani ne."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ɗauko tabarau ya manna hanci a gilashin, ya daɗe yana dubawa. Can ya sauke numfashi. "Da sauransa. Akwai nama a jikinsa, ga bakunansa nan suna ɗan motsi. Farin nan ƙashinsa ne muke hangowa ta cikin naman. In aka yi sake, naman ya zube, shi ke nan." Ya juyo gare ni. "Uwata, me ya faru?"

Na ce, "Zafi ne, Kawu. Bana ai ko'ina zafi."

Ya dubi fanka, ya dubi taga, ya dubi sabon kitsona. Ya ce, "Haka ne. Zafi ne." Na ce a raina na sha. Inna Lami ba ta ma haɗa zancen kitso da wannan ba, ni kuwa ban ga dalilin tuna mata ba.

Kafin la'asar na tarar da shi a gaban firizata yana loda gorunan zoɓo masu ƙanƙara a buhu.

"Kawu! Ina za ka da jarina?"

"Asibiti."

Da yake ni ce da laifi, bakina bai yi tsawon da ya saba ba. Har shawara na kawo, na ce a fasa ƙanƙara a zuba masa gaba ɗaya ya huta. Ya harare ni. "Mai zazzaɓi kika taɓa gani an jefa rijiya? A hankali ake saukar da zafi. In aka yi gaggawa, sanyi ya ƙarasa abin da zafi ya fara." Gora ɗai-ɗai yake sakawa, a rufe gam, tana yawo a saman ruwa, shi kuma yana aunawa. In ta narke ya tsamo, ya goge da hannun riga, ya miƙo mini. "Mayar ta sake daskarewa. Ba abin da ya same ta."

Ni kuwa na mayar, na kuma sayar, Allah ya yafe mini. Sai da wata mata daga cikin motar Zariya ta kafa baki a gora ta yamutsa fuska. "Mai zoɓo, ya na ji bakin gorar nan gishiri-gishiri?" Kawu na gefe ya zo ɗiban wasu. Kafin in ƙirƙiro ƙarya ya riga ni.

"Baiwar Allah, ki gode wa Ubangiji. Zoɓon nan ya je teku ya dawo. Ke ko dam ɗin Tiga kin taɓa zuwa?"

Ba ƙanƙara kaɗai ba. Ya naɗe akwatin da jiƙaƙƙen buhun algarara yadda ake yi wa tulu, yana yayyafa masa ruwa. Ya rage fitila, ya ce mara lafiya ba ya son haske. Da ya ga hasken ƙofa ma na isa wurin, sai ya buɗe adakar Inna Lami ya zaro baƙin saƙinta, wanda ko bikin 'yarta ba ta yarda ta ɗaura ba don kar ya tsufa, ya yi wa akwatin rumfa.

"Malam! Zanen aurena!"

"Shekara nawa yana kwance a adaka bai taɓa ceton rai ba? Yau ya samu aikin lada."

Ta yi fushin yini guda, washegari kuma tausayi ya kama ta. Ta ga ruwan ya ragu, ta zo da kofi da gishirin miya za ta ƙara. Allah ya sa yana kusa. Ya ce, "Lami, rana ruwa take sha, ba ta shan gishiri. Gishirin yana nan. Ruwan daɗi ake ƙarawa, tatacce, kaɗan-kaɗan." Da magariba kuma ya daka busasshen jatan lande ya yi laushi, ya dama, ya zuƙa a sirinji, ya fesa wa Ɗan Teku a baki a hankali, tunda ba shi da ƙarfin neman abinci. In ka ce a matsar da shi, ko a wanke dutsen, ko a canza ruwan gaba ɗaya, amsa ɗaya ce: "Kar a taɓa. Rabin jinya ƙyalewa ce."

Sai aka daina ganinsa a majalisa. Daga masallaci sai gida, ko addu'ar liman ba ya tsayawa a shafa. Liman ya tare shi ya tambaya, ya ce, "Jinya nake, Allah gafarta Malam." To kun san garinmu. In mutum ya ce yana jinya, rashin zuwa dubiya abin kunya ne, ko da majinyacin dutse ne. Aka fara zuwa, rabi don zumunci rabi don a samu na ba da labari. Wata ta zo da kasko da turaren wuta, ya tsayar da ita tun daga zaure. Samari suka zo za su haska fitilar waya, ya kore su da mafici. Daga nan ya gindaya benci a ƙofar ɗakin ya kafa doka: biyu-biyu, ba haske, ba taɓa gilashi, mai tari ya yi a waje.

Sai ka ga dattijo da gemunsa ya durƙusa gaban akwati, ya rasa inda zai kalla, ya ce, "Sannu. Allah ya ƙara sauƙi. Malam Ma'auni, ya mai jiki?"

"Ashirin da bakwai. Muna sauka."

Kunu da fura da ayabar da aka riƙa kawowa kuwa, Kawu ne ya wakilci mara lafiya. Rubutun da wata tsohuwa ta kawo a zuba a akwatin ma shi ya shanye, ya ce zai isar da saƙo. Ɗan Teku na ramewa, mai jinya na yin kumatu. Na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah." Ya ce, "Uwata, mai jinya ma ai abin tausayi ne."

Dubiyar da ba zan manta ba ita ce ta Jauro Buba. Jauro amininsa ne tun suna samari, Bafulatani daga wajen Doguwa. Kowane rani yakan sauke shanunsa a gonar Kawu, su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. Shekara uku kafin wannan, wata saniyarsa ta biyo shi har zaure ta samu buhun gishirin Ɗan Teku a buɗe, ta lashe rabi. Ranar Kawu ya haura arba'in. A take ya ce a kwashe shanu daga gonarsa. Tun daga nan suke gaba, dawar Kawu kuma kullum baya take yi, amma in ka yi magana ya ce iri ne ba shi da kyau.

Jauro ya shigo kasuwar Ƙafin Maiyaki ya ji labari, sai ga shi da ƙwaryar nono da wani ƙulli a hannu. Ya yi sallama. Kawu ya amsa yana kallon bango, tunda sallama dole ce. Jauro ya jingina sandarsa, ya tsuguna gaban akwatin, ya daɗe yana kallo irin kallon da yake yi wa dabba.

"Aradu wannan ya rame. Hajara, me ya same shi?"

Kawu ba ya magana da Jauro, amma kuma ba zai iya jin tambaya a kan Ɗan Teku ya yi shiru ba. Sai ya juyo wajena. "Uwata, gaya masa, a cikin naman Ɗan Teku akwai wasu ƙananan baƙi, tsirrai ne da ido ba ya gani. Shi ya ba su masauki, su kuma su ba shi abinci da launi. In zafi ya yi masa yawa sai ya kore su duka. In sun tafi ya yi fari, yunwa ta kama shi. In ba su dawo ba, mutuwa ce."

Ban ko buɗe baki ba, tunda tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Jauro ya ce, "Hajara, tambaye shi, laifin me baƙin suka yi?"

"Uwata, ce masa ba su yi komai ba! Wauta ce irin tasa. Zafin kai ne kawai."

Jauro ya shafa gemu. "Too. Ya ba su masauki, suna ba shi abinci, zafi ya ɗebe shi ya kore su, yanzu ya yi fari yana jin yunwa." Ya gyaɗa kai. "Hajara, ce masa na biyo ta gonarsa ɗazu, na ga ƙasar ta yi fari fat. Ce masa wannan dutse ba daga teku ya zo ba. Ɗan gidan nan ne."

Wayyo Allah! Na cusa mayafi a baki, amma dariyar ta fi ƙarfin mayafin. Inna Lami da ke laɓe a ƙofa sai da ta riƙe benci. Kawu ya zaro ma'auni ya mayar, bai samu abin aunawa ba.

Jauro bai gama ba. Ya kwance ƙullinsa, sai ga kanwa. "Mu in nagge ta rame, kanwa muke ba ta. Bari ka ga aiki." Ya miƙa hannu saman ruwan. Ban taɓa sanin tsoho na tsalle haka ba. Kawu ya cafke wuyan hannunsa, saura ɗan yatsa ɗaya kanwar ta taɓa ruwa.

"Buba! Za ka kashe shi!"

Suka tsaya a haka, hannu cikin hannu. Jauro ya dubi hannun, ya dubi Kawu. "Shekara uku ina miƙo maka hannun nan ba ka karɓa ba. Tunda yau ka riƙe, sai mu gaisa. Ina wuni, Sa'idu?"

Kawu ya dubi hannun shi ma. Can ya ce, "Lafiya lau. Ya shanu?"

"Suna gaishe ka. Har da mai shan gishirin."

Har yau ban sani ba ko da gaske Jauro zai jefa kanwar nan. Abin da na sani, Kawu bai mayar masa ba. Ya karɓe ya miƙa wa Inna Lami, ya ce a sa a miyar kuka.

Sati ya bi sati, ba labari. Ruwa ya tsaya a ashirin da shida, amma Ɗan Teku na nan fari. Yatsa ɗaya ma ya mutu, gansakuka ta hau shi, ranar Kawu bai ci tuwo ba. Ni kuwa abin na cina a rai. Duk sanda na ga tsohon nan durƙushe da sirinji, sai in ji kamar in faɗa, sai kuma tsoro ya hana ni. Har masu sayen zoɓo suka fara tambaya ko lafiya na rame.

Bayan an yi ruwan farko da kwanaki, wata safiya sai ga acaɓa ya tsaya a gaban rumfata, Kawu a baya, hula a karkace.

"Uwata! Uwata! Ya yi datti!"

Na bar kaya a hannun maƙwabciyata na bi shi. A gindin yatsa ɗaya, ga wani ɗan tabo nan launin daddawa. Baƙi sun fara dawowa. Mutumin da ashana ɗaya yake tsagawa biyu, ranar ya sa aka soya ƙosai kwano guda aka raba sadaka. 'Yan dubiya suka dawo ganin sauƙi, suka leƙa, suka dubi juna. Inna Lami ce ta faɗi abin da ke bakin kowa.

"Wannan ne sauƙin? Ni wallahi da farin ya fi kyau."

"Gawa ma ai tana da kyan gani in an yi mata wanka," in ji Kawu. "Ni mai dattin nake so."

Sai da ya ɗauki watanni kafin launin ya rufe shi duka, koren bakin yatsun ya dawo. A hankali Kawu ya riƙa ƙara haske, sannan ya mayar wa Inna saƙinta, da zanen gishiri a gefe. Ranin shekarar kuma shanun Jauro suka sauka a gona, aka ɗaga buhun gishiri aka rataye a azara.

Bara bayan girbi Kawu ya kwanta. Ciwon bai yi kama da na tashi ba, shi ma ya sani. Ya ce a shimfiɗa masa a ɗakin Ɗan Teku. Ya rame, ya yi fari, amma bakin na nan. Ya sa ma'auni a hammatarsa ya zaro ya kanne ido. "Talatin da tara. Uwata, ni ma na kori baƙina." Na ce a juyo masa da fanka, ya ce in na taɓa ta sai ya tashi ya rama.

Wata la'asar muna mu biyu, na ga in ban faɗa yanzu ba, ba ni da wata rana. Na ce, "Kawu, akwai maganar da na ɓoye maka. Shekarar da Ɗan Teku ya yi fari, ni ce. Ni na juya fanka, ni na buɗe taga."

Ko ido bai buɗe ba. "Na sani."

"Ka sani?"

"Tun ranar. Gashinki ne cike a ragar fankar, ga tsinken kitso a ƙarƙashin akwati. Ɗan Teku dai ba ya kitso."

Kunya da haushi suka taso mini tare. Na ce, "To don me ka bar ni ina ta ramewa? Da ka zage ni ai da na huta!"

Sai ya buɗe ido ya dube ni. "Da na shigo ɗakin nan ranar, ba shi kaɗai na tarar ya yi fari ba. Na ga fuskarki. Wanda ya riga ya firgita ba a ƙara masa zafi, Uwata. Na ce in ƙyale ki, launinki zai dawo da kansa." Ya laluba aljihu ya zaro ma'aunin ya sa mini a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai. "Rabin jinya ƙyalewa ce. Ɗaya rabin kuma a zo kullum a duba."

Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa. Kwana huɗu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Jauro Buba na cikin waɗanda suka saka shi a kabari.

Ɗan Teku na nan a ɗakinsa, ba a matsar da shi ba. Inna Lami, wadda ta ce dutse ne, ita ke gadin fankar yanzu, tana zaune a gefe da maficinta, kuma kaiton jikan da ya kai hannu. Ni kuma kullum kafin in wuce Kwanar Dangora sai na biya na tsoma. Yau da safe ma na je. Ashirin da shida, ba ƙari ba ragi, kuma wani sabon yatsa ya fara tsirowa a inda wancan ya mutu.

Allah ya jiƙan Kawu Sa'idu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya hana kansa iska ya bar wa halittar da ba ta iya cewa ta gode, ya Allah ka sanyaya masa makwanci. Yadda ya rufa mini asiri, ka rufa masa nasa. Ka yi masa inuwa ranar da babu inuwa sai taka. Amin.